Kunun gyaɗa a asibiti da wasiƙar da wani Sarkin Rum ya rubuta cikin haushi

Daminar da ta wuce Innarmu ta yi kwana tara a asibiti nan cikin Gombe, suga ne ya tashi ga kuma zazzaɓi ya haɗu, ƙanwata ce ke kwana da ita a ciki ni kuma ina baranda ni da sauro tunda ɗakin mata ne ba a barin namiji in dare ya yi. To kullum bayan la'asar sai ka ga wasu mata su biyar ko shida sun shigo da anko iri ɗaya, zanin Zumuntar Mata ta coci, wannan riƙe da kula wannan da fulas, su bi gado gado suna sannu da jiki suna zuba kunun gyaɗa, ba ruwansu da ke wace ce ko daga ina aka kawo ki, wata tsohuwa Bafulatana da aka kawo daga wajen Dukku wadda ba ta da kowa sai jikanta ɗan ƙarami ma har wanke mata zani suka yi. Cikinsu akwai maƙwabciyarmu ta Tumfure, 'yar Kaltungo, Mama muke ce mata. Tana fitowa za ta tsaya a kaina ta ce "Malam, kai ma ka sa wani abu a cikinka kuwa? Kar mu gama da Inna mu dawo kanka fa." Ni dai sai in ce Mama sai godiya, Allah ya saka da alheri.

Wani dare ina teburin mai shayi na bakin get ina ba da wannan labarin, sai wani saurayi ya ce min kai Malam kar ka ruɗu, ai dabarar mishan ce, Turawa suka kawo addinin Kirista kuma su suka koya musu wannan salon. Ban ja da shi ba don a gajiye nake tilis. Amma tarihi nake koyarwa a sakandare, kuma maganar ta tsaya min a wuya har yau da na zauna rubutawa. Rabin maganarsa gaskiya ne, 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) ne suka shiga ƙasar Tangale a 1917. Sai dai kunun nan ya girmi Bature nesa ba kusa ba. Lokacin da mata ke bin marasa lafiya da abinci a Iskandariya ta Masar da Kartaj ta ƙasar Tunisiya, kakannin Ingilishi ko labarin addinin ba su ji ba, su sai a 597 aka tura musu nasu 'yan mishan daga Rum.

Kafin wani ya tare ni, ni Musulmi ne kuma ba aƙida na zo tattaunawa ba. Mu Alƙur'ani ya ce mana ba su kashe Annabi Isa (AS) ba kuma ba su gicciye shi ba, su kuma Kiristoci gicciyen da tashin su ne ginshiƙin imaninsu kacokan, wannan kowa ya san inda ya tsaya. Abun da nake bi shine yadda wasu tsirarun mutane a wani lungu na daular Rum suka zama addinin daular cikin shekara ɗari uku da 'yan kai.

Fara da cewa ƙasar Yahudiya mulkin mallaka ake mata. Janar Pompey ya shiga Ƙudus shekara 63 kafin miladiyya, daga nan Rumawa suka yi irin abun da Turawa suka mana bayan yaƙin Burmi na 1903, wato a bar sarki da rawaninsa amma Razdan ne mai magana. Sarki Hirudus da 'ya'yansa kenan. Da suka ga ɗaya daga 'ya'yan ya kasa riƙe Yahudiya sai suka tuɓe shi a shekara ta 6 suka riƙa turo gwamna kai tsaye, cikinsu har da Bilatus wanda ya yi mulki daga wajen 26 zuwa 36. Ga haraji, ga 'yan ƙasa da ke karɓar kwangilar tara harajin su ƙara nasu a kai, duk wanda kakansa ya ba shi labarin jangali ya san irin ƙaunar da ake wa waɗannan. Shi kuma gicciye a dokar Rum hukuncin bayi ne da 'yan tawaye, ba a yi wa cikakken ɗan ƙasa. Saboda haka a idon Barume, Kiristoci mabiyan wani ne da gwamnati ta yanke wa hukuncin ƙasƙanci, abun dariya. Akwai wani zane da aka samu an karta a bango a birnin Rum, mutum a kan gicciye da kan jaki, wani na tsaye gefe, an rubuta wai wane yana bauta wa allahnsa. Daga irin wannan rainin aka fara.

Mabiyan farko duk Yahudawa ne, suna zuwa Haikali, babban wurin ibadar Yahudawa a Ƙudus, suna kiyaye Asabar. Babbar rigimar da ta taso musu tun farko ita ce in wanda ba Bayahude ba ya karɓi addinin sai an masa kaciya? Sai ya bar abincin gidansu? Mu nan da ake wa yaro kaciya yana ɗan shekara bakwai za mu ga kaman ƙaramar magana ce, amma ka je ka gaya wa magidanci Bagirke mai shekara arba'in a zamanin da ba allurar kashe zafi. Wajen shekara ta 49 aka zauna a Ƙudus aka ce ba dole ba ne, kuma Bulus mutumin Tarsus, babban mai wa'azinsu, shine ya fi kowa tsayawa kan haka. A ganina wannan zaman ya fi yaƙoƙi da yawa tasiri a tarihin duniya, don da an ce dole ne da ƙila ƙaramar ɗariƙa ce kawai cikin Yahudanci. A Antakiya aka fara kiransu Kirista. Da Rumawa suka rushe Haikali a shekara ta 70 kuma sai nauyin abun ya ƙara komawa biranen waje.

Su kansu Rumawa ba da saninsu ba sun share musu hanya. Tituna na dutse daga wannan gari zuwa wancan, teku ba 'yan fashi sosai, ga harshe ɗaya na ciniki. Ka shiga babbar kasuwar Gombe ka ga Batangale da Batere da Bawaje da Babole da Bafulatani kowa da yarensa a gida amma da Hausa ake taya kaya, to haka Girkanci yake a gabashin daular, kuma da wannan Girkancin na kasuwa aka rubuta Sabon Alkawari, ba da na manyan mawaƙa ba. Masu ɗauke da saƙon kuwa 'yan sana'a ne da fatake, kaman dai yadda Wangarawa suka shigo Kano da Musulunci a cikin ayari. Bulus da kansa ɗinkin tanti yake yana ci da kansa, a Koranti ya zauna gidan wasu mata da miji masu sana'a irin tasa waɗanda aka koro daga birnin Rum. A Filibi wata 'yar kasuwa ce Lidiya mai sayar da tufafin alfarma ta buɗe musu gidanta. Ba coci ko ɗaya a lokacin, gidan wani ake haɗuwa, kaman a ce zaure. Ɗaya daga cikin mafi tsufan wuraren ibadarsu da aka tono, a Dura ta ƙasar Siriya, na wajen shekarun 240, gida ne kawai aka fasa bango tsakanin ɗaki biyu. Wani masanin falsafa Selsus ya musu ba'a wajen 178, ya ce masu wa'azinsu masaƙa ne da dukawa da masu wanki, suna bin mata da yara a gidajen mutane. Zagi yake amma ba ƙarya ya yi ba.

Abun da ya fi rikita ɗalibaina shine me ya sa Rum ta tsane su, tunda Rumawa ba su da kishin alloli, in sun ci gari da yaƙi sai su kwashi gumakan garin su ƙara a nasu. Sharaɗinsu ɗaya ne, bauta wa wanda ka ga dama amma ranar biki ka zo ka ɗan barbaɗa turare a gaban allolin gari da siffar Kaisar, wato sarkin Rum, don a wajensu wannan ne ke riƙe da zaman lafiya da ruwan sama da nasarar yaƙi. Yahudawa an ɗaga musu ƙafa saboda addininsu tsoho ne na kaka da kakanni. Amma ga maƙwabcinka da kuka taso tare, jiya kuna cin naman yanka tare yau ya ce ba zai taɓa ba, ba ya zuwa biki, ba ya zuwa kallon wasa, suna taruwa da asuba a ɓoye suna kiran juna ɗan'uwa da 'yar'uwa. Sai aka sa musu suna marasa allah, aka ce wai naman mutum suke ci. Da gobara ta cinye yawancin birnin Rum a 64 mutane suka fara zargin Sarki Nero, sai ya jingina musu, aka ɗinka wa wasu fatun dabbobi karnuka suka yayyaga su, wasu aka cinna musu wuta a matsayin fitila. Tasitus, marubucin tarihi Barume, ne ya rubuta wannan kuma shi ba masoyinsu ba ne ko kaɗan.

Takardar da na fi so in karanta wa yara ita ce ta gwamna Filini, wanda ke riƙe da lardin Bitiniya a arewacin Turkiyya ta yau, wajen 112. Mutumin nan ma'aikacin gwamnati ne sak, irin wanda ba ya son matsala a fayil ɗinsa. Ya rubuta wa Sarki Tarajan ya ce ranka ya daɗe ana kawo min waɗannan mutanen ni kuma ban taɓa zama shari'arsu ba. Ya ce yakan tambaye su sau uku da barazana, wanda ya kafe sai a tafi da shi a kashe, don ko ba komai taurin kan ya isa laifi. Wanda ya musa kuma sai a kawo siffar Kaisar ya miƙa turare da giya ya zagi Almasihu a sake shi. Har ya sa aka azabtar da wasu bayi mata biyu masu hidima a cikinsu don ya ji sirrin, abun da ya samu shine suna haɗuwa kafin gari ya waye su yi waƙa ga Almasihu, su yi rantsuwa ba sata ba zina ba cin amana, daga baya su ci abinci na yau da kullum, shi kenan. Amma inda ya fi ba ni dariya shine ƙorafinsa cewa gidajen gumaka sun kusa zama kango kuma naman yanka ya rasa mai saye. Kenan akwai mahauta a cikin masu kai ƙara, ciniki ne ya tsaya. Tarajan ya amsa a taƙaice, kar a bi su gida gida, in an kawo ƙara an tabbatar a hukunta, wanda ya tuba a yafe, takardar ƙorafi marar suna kuma a yi watsi da ita. Wannan ta ƙarshen da za a liƙa ta a wasu ofisoshinmu da an huta.

Wannan ya nuna ba wai shekara ɗari uku aka yi ana yanka ba tsayawa ba. Yawanci zaman ɗar ɗar ne, shekaru su wuce lafiya sai fari ko annoba ta zo a nemi wanda za a ɗora wa. Tatuliyan, marubuci Kirista mutumin Kartaj, ya faɗe ta da gatse wajen 197, ya ce in kogin Tiba ya yi ambaliya ko Nilu ya ƙi kawo ruwa gona sai a ce a jefa Kiristoci ga zaki. Kuma ku lura ɗan Afirka ne. A ranar 17 ga Yulin 180 an gurfanar da mutum 12 'yan wani ƙaramin gari a gaban gwamna a Kartaj, aka ba su kwana 30 su yi tunani suka ce ba sa buƙata, aka tambayi me ke cikin akwatinsu suka ce littattafai ne da wasiƙun Bulus. A 203 kuma a garin dai aka kashe Farfetuwa, 'yar gidan manya mai shekara 22 da jariri a nono, babanta na kuka yana roƙonta ta barbaɗa turaren nan kawai ta dawo gida, tare da ita akwai baiwa Felisita wadda ta haihu a kurkuku kwanaki kaɗan kafin a fitar da su fili. 'Yar manya da baiwa a layi ɗaya, wannan kaɗai abun kallo ne a wancan zamanin.

Yanzu ga kunun. Annoba biyu manya sun ratsa daular, ɗaya daga 165 ɗaya kuma wajen 250, kuma bishop na Iskandariya na lokacin ta biyun ya rubuta yadda mutane ke tura majinyatansu titi tun ba su cika ba, su kuma Kiristoci suka tsaya suna jinya suna wanke gawa, da yawansu suka kamu suka bi. Ba magani suke da shi ba. Amma duk wanda ya ga kwalara a unguwa ya san mutum nawa ke mutuwa ba don cutar ba sai don ba mai ba su ruwa. Wanda aka ba ruwa da ɗan abinci ya tashi, ya duba ya ga danginsa sun gudu ko sun mutu, waɗanda suka zauna da shi su ne mutanen nan da ake ce wa marasa allah, kai a tunaninka ina zai nufa? Kuma ba sai da annoba ba, Tatuliyan ya bayyana wani asusu da suke da shi, kowa ya saka abun da ya samu wata wata ba tilas, kaman adashi amma wanda ba mai kwasa, da shi ake binne matalauta a riƙe marayu da tsofaffi da 'yan kurkuku. A 251 bishop na Rum ya lissafa cewa cocinsa na ɗauke da gwauraye da mabuƙata sama da 1,500. Wani masani ɗan Amurka, Rodney Stark, ya yi lissafi cewa in sun fara da mutum 1,000 a shekara ta 40 suna ƙaruwa da kashi 40 cikin ɗari duk shekara goma, za su kai wajen miliyan 6 a shekara ta 300, kusan ɗaya bisa goma na daular. Kiyasi ne, amma abun da nake so da shi shine ba ya buƙatar taron dubbai, ya isa a ce kowane mutum goma sun jawo huɗu cikin shekara goma, miji ko abokin sana'a ko maƙwabci.

Tsanantawa ta faɗin daula sai a 250 ta fara, lokacin Sarki Desiyus, wanda mu muka sani a tafsiri da Daƙyanus, sarkin da malamai da yawa ke cewa shi As'habul Kahfi suka guje wa, su ma Kiristoci suna da labarin samarin kuma a garin Afisa na Turkiyya ta yau suke cewa ya faru. Shi ya ce kowa da kowa sai ya yi yanka ya ɗanɗana naman a gaban kwamiti a ba shi takardar shaida da sa hannu, kuma an tono irin takardun da dama a yashin Masar. Wasu suka tsaya aka kashe su, wasu suka gudu, da yawa suka yi yankan, wasu kuma, ku yi haƙuri amma kaman 'yan Najeriya, suka bi ta bayan gida suka ba ma'aikaci na goro aka rubuta musu takardar ba tare da sun yi ba. Da ƙura ta lafa duk suka dawo bakin coci, rigima ta kaure kan a karɓe su ko a'a. Tsanantawar 303 ƙarƙashin Sarki Diyokilishiyan ta fi muni, aka rushe coci coci aka ƙona littattafai, amma a 311 Sarki Galeriyus da ke kan gaba a aikin ya janye yana kwance ciwon ajali har yana cewa su masa addu'a.

Sauran kowa ya sani, Sarki Kustantin, wanda ya rungumi Kiristanci, ya ci yaƙin gadar Milbiyan a 312, a 313 aka yi yarjejeniyar Milan ta 'yancin addini, a 321 Lahadi ta zama ranar hutu, a 325 ya tara bishop bishop a Nikiya kan rigimar matsayin Almasihu da ta taso daga Iskandariya. Masu cewa Kustantin ne ya ƙirƙiro Kiristanci ban yarda da su ba, tuwo ya tarar ya dahu ya zo da babban cokali. Habasha ma ba a ƙarƙashin Rum take ba amma sarkinta Ezana ya karɓa a ƙarnin nan, kuma wannan masarautar ce daga baya Najjashi ya ba Sahabbai mafaka a cikinta. Sai dai ba zan ɓoye ba, shigar sarki ta zo da nata. A 380 Sarki Tiyodosiyus ya ayyana wace fahimtar Kiristanci ce ta gwamnati, nan da 'yan shekaru aka hana yanka ga gumaka, reshe ya juye da mujiya, jikokin waɗanda aka jefa wa zaki suka fara kai ƙarar 'yan'uwansu wajen Kaisar, a Arewacin Afirka ma har soja aka tura wa 'yan Donatus, wani ɓangare na Kiristoci, waɗanda rigimarsu ta samo asali daga wa ya miƙa littafi a 303 wa ya ƙi.

Tsakanin nan an yi wani sarki ɗaya, Juliyan, ɗan ɗan'uwan Kustantin, ya taso a coci ya bar ta ya koma wa gumaka, mulkinsa daga 361 zuwa 363 ne kawai. Shi da ya san su ciki da waje bai ce a kawo zaki ba. Wasiƙa ya rubuta wa babban limamin gumaka na lardin Galatiya, ya ce a gina masaukin baƙi a kowane gari ga hatsi nan ya ware a raba, don abun kunya ne a ce ba Bayahuden da ke bara, Galilawan nan marasa tsoron alloli kuma suna ciyar da talakawansu har da namu, mu kuwa kowa na gani mun bar namu. Galilawa yake kiran Kiristoci don raini. Bai kai ga ganin ko dabarar za ta ci ba aka kashe shi a yaƙin Farisa.

Saurayin nan na teburin mai shayi ban sake ganinsa ba. Da aka sallami Inna, fulas ɗin Mama na wajenmu, Inna ta ce ba a mayar da kwano wayam, ta sa ƙanwata ta yi dakuwa da ɗan dambun nama aka cika leda ni na kai. Na tarar da ita tana tsince wake a tsakar gida, na zauna kan turmi na fara ba ta labarin wasiƙar Juliyan tiryan tiryan, tana ji tana tsinta. Da na gama ta ɗago ta ce "Malam, shi wannan Juliyan ɗin ɗan wane coci ne?" Na ce Mama ai ya rasu da daɗewa. Ta ce "Ayya, Allah sarki. Ka ce wa Inna ta daina shan shayi da suga a ɓoye, na gan ta."